Kwalabe Huɗu daga Virginia

Duk ranar Lahadi idan kun taru a gidan nan, kafin a buɗe kwalba sai wani ya ɗaga ta sama ya karanta rubutun jikinta da ƙarfi, sauran su amsa da "halal", a kwashe da dariya. Jikokina sun ɗauka wasa ne irin na gidan kaka. Ku kuma manya kuna ba da labarin yadda kuka ga dama, wai Mama ce ta taɓa shayar da Hajiyoyi giya har suka yi waƙa. Na ji Amir yana ba abokansa shi da Turanci, har da kwaikwayon muryata, kuma muryar ma bai iya ba. To, na ƙyale ku kun yi shekaru kuna yi da ni. Yanzu zan faɗi yadda aka yi, don rabin da kuka sani ma ba daidai kuka san shi ba.

Abin ya samo asali ne daga wurin aiki. A asibitin da na yi aikin jinya akwai wata abokiyar aikina Linda, baƙar Ba'amurkiya, mai hannun kyauta da yawan surutu. Wata Lahadi ta gayyace ni gidanta wai in zo brunch. Na tambaye ta mene ne shi, ta ce abinci ne da ake ci da hantsi, ba na safe ba ne, ba na rana ba. Na ce mata a garinmu wannan sunansa karin kumallon ragwaye. Da na je, sai na ga an jera wasu kofunan gilashi dogaye sirara, cike da wani abu ruwan ɗorawa yana ta tsirta ƙananan kumfa daga ƙasa zuwa sama. Wallahi ya ba ni sha'awa. Linda ta ce sunansa mimosa, ruwan lemon zaƙi ne da wata giya mai gas, amma ta san ba na sha, don haka ta haɗa mini nawa daban da ruwan tuffa mai gas, wanda babu komai a cikinsa. Ta nuna mini kwalbar na karanta da idona. Na sha na ji daɗinsa, amma a raina na ce wannan abu bai gamu da mai shi ba tukuna.

Ni kuwa kun san ni, ba a nuna mini abu sau biyu. Na dawo gida na shiga gwaji. Lemon kwali na fara korewa daga kicin ɗina, don ɗanɗanonsa na kwali ne. Lemo nake saye buhu guda, in matse da hannuna, in tace sau biyu kada ɓargon ya kashe kumfar. Sai in goga ɗanyar citta kaɗan in matse ruwanta a ciki, wannan kuwa ba Linda ta koya mini ba, nawa ne. Komai sai ya kwana a firij, har kofunan. Idan an zo zubawa, a karkata kofi, a fara zuba mai gas ɗin a hankali ta gefe har rabi, sannan a bi da lemon. Ba a juyawa da cokali. Wanda ya juya ya ɓata, kuma in na gan shi sai mun yi. Na haɗa shi da masa da miyar taushe, da ƙosai, da ƙwai, ya zama abincin Lahadin gidanmu a Gaithersburg. Kafin shekara ta zagayo matan Hausawa daga Laurel har cikin Washington sun san lemon Maman Amir. Zoɓo da kunun aya kowace mace ta iya, amma wannan sai a gidana. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya yi girma da shi, kuma har gobe ina ganin na cancanta.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce shekarar da Faruk ya fito neman Nabila. A lokacin yana koyon aikin likita a Baltimore, yaro mai natsuwa, babanku ya yaba da shi tun zuwan farko. Mahaifinsa ya rasu, kawunnansa ne za su yi maganar aure, amma kowa ya san ba za su motsa ba sai da yardar mahaifiyarsa, Hajiya Saude. Ita kuwa tana Kano, kuma ta riga ta faɗa cewa ba ta yarda da 'ya'yan da aka haifa a Amurka ba, sai ta ga gidan da idonta. Ta taso ta zo ta sauka a Laurel wurin Hajiya Balaraba, wadda 'yar uwarta ce, ni kuma ƙawata ce ta shekara da shekaru. Aka sa ranar Lahadi za su zo mana, su shida. Ba a kira shi ganin gida ba, an ce gaisuwa ce, amma ba yaro a cikinmu. Na san daga labulena har ƙasan tukunyata za a duba, kuma auren 'yata yana rataye da abin da matar nan za ta gani.

Ranar Asabar ina tsakiyar jiƙa shinkafar masa na tuna ban sayo mai gas ɗin ba. Babanku kuwa ya tafi duba wani aikin gada a Virginia. Na kira shi na ce in zai dawo ya tsaya a shagon cefane ya sayo kwalba huɗu, irin mai takardar zinariya a wuya. A nan ne gizo ya yi saƙarsa. A unguwarmu shagunan cefane ba sa sayar da giya, sai mutum ya je shagonta na daban, don haka mun saba duk kwalbar da muka ɗauka a wurin cefane ba ma ko duba ta. A Virginia kuwa jere take da kayan miya. Babanku ya bar tabaransa a mota, ya shiga ya sami wani ma'aikaci ya ce masa yana son abu mai gas da ake haɗawa da lemo, kuma a ba shi wanda ya fi kyau, manyan baƙi zai yi. Mutumin ya ba shi abin da ya tambaya. Ya dawo ya wuce da su firij ɗin ɗakin ƙasa, ya ce mini an gama.

E, babanku ne ya sayo. Ba ni ba ce. Nabila ta sani, ta riƙe bakinta duk shekarun nan, Allah ya yi mata albarka. Sadik da Amir, yau kuka fara ji.

Da safe ina gaban tanda, mai yana ta tsalle, sai na ji wani abu ya yi fau a bayana kamar an fasa taya. Na juya na ga babanku riƙe da kwalba yana murmushi, ya naɗe kowace da farin ƙyalle kamar yadda ya gani ana yi a otal.

Na ce, "Malam, wannan ƙarar fa? Namu ba ya yin haka."

Ya ce, "Hajiya, mai tsada ne. Surukai za mu yi, ba a yi musu araha."

Na ji daɗin maganar, na koma kan masata. Hancina ya ɗan jiyo wani abu lokacin da nake zubawa, ba zan yi ƙarya ba, amma kicin ya cika da ƙaurin mai da albasa da citta, hankalina kuma yana falo. Ruwan lemon na ɗanɗana shi tun da asuba na ji ya yi. Haɗin kuwa a kan tebur nake shan nawa tare da baƙi, haka na saba. Sai dai ran nan ba baƙi ba ne, surukai ne. Yaya zan zauna in buɗe baki ina ci ina sha a gaban uwar mai neman 'yata? Na kai musu, na durƙusa na gaishe su, na koma kicin. Nabila ta sauko da mayafi har goshi ta gaishe su ta gudu sama. Babanku ya yi musu sannu da zuwa daga bakin ƙofa ya fice masallaci. Mu uku da muka fi kowa sanin ainihin ɗanɗanon abin, kunya ta hana kowannenmu kai shi baki. Su kuwa bayin Allah ba wadda ta taɓa sanin ɗanɗanon giya a rayuwarta, balle ta gane ta.

Hajiya Saude ta shigo gidan nan fuskarta a ɗaure, doguwa ce, mai kallon mutum ta saman tabarau. Gaisuwata ma da ƙyar ta amsa. Ina kicin ina kasa kunne, da farko ba abin da nake ji sai ƙarar cokula. Can sai na ji Balaraba ta ɗaga murya.

"Maman Amir, yau me kika ƙara a lemon nan? Ya fi na kullum kama jiki!"

Na ce sirri ne. Na sake cika musu kofuna. Ba a jima ba falo ya ɗauki hira, sai dariya, sai shewa. Na leƙa na ga Hajiya Saude ta zame mayafi ta miƙe ƙafa tana ba su labarin yadda ta ɓuya a rumbu ranar kamunta. Daga nan sai ta ɗauko wata waƙar gaɗa ta 'yammatancinsu, tana tafi, sauran suna amshi. Na tsaya a bakin ƙofar kicin da mataci a hannu, na ce a raina, Rakiya, kin gama da su. Na ɗauka masata ce ta yi aikin. Suka yi azahar a falona, suka yi sallama. A bakin mota Hajiya Saude ta riƙe hannuna ta ce ta ga gida, ta ga tarbiyya, sai mun ji daga gare su. Balaraba ta tayar da babbar motarta, su shida a ciki, suka kama hanyar Laurel.

Babanku ya dawo daidai lokacin, muna ta murna. Nabila ta sauko taya ni wanke-wanke. Ta ɗauki kwalba ɗaya za ta jefa a shara, ƙyallen ya zame. Na ga ta tsaya tana kallon takardar, ta juya ta, ta sake juyawa.

Ta ce, "Mama, wannan kika ba su?"

Na ce, "Shi ne. Me ya faru?"

Ta ce da Hausarta ta 'yan Amurka, "Mama, wannan wine ne. Na gaske. Akwai alcohol a ciki."

Na karɓa na karanta. Rubutun manya da wani yare ne, Italiyanci ko mene ne, amma can ƙasa ga ƙananan lambobi da duk ma'aikaciyar jinya ta san ma'anarsu. Na shinshina bakin kwalbar. Na zauna a kan kujerar kicin. Kwalba uku da rabi suka shanye. Babanku ya sa tabarau, yanzu da ba su da amfani, ya karanta, ya dafe kai yana salati. Ni kuwa abu ɗaya ne ya faɗo mini: Balaraba kofi uku ta sha, da hannuna na zuba mata, kuma ga ta can a kan babbar hanya da rayuka biyar a bayanta. Ko ba hatsari, ɗan sanda ya tsayar da ita ya sa ta hura abin gwajin giyar nan, aikinta na kula da tsofaffi ya tafi ke nan. Na ɗauki waya.

Babanku ya riƙe hannuna. Ya ce, "Dakata, Hajiya. A tsayar da su, wannan dole ne. Amma ki ce mata na ga tayarta ta baya tana rawa, ta shiga gidan mai ta jira ni. In je in tuƙa su har gida. Ba wanda ya sani, ba wanda ya yi zunubi, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Ki dubi yarinyar nan."

Na dubi Nabila. Tana tsaye jikin firij, hawaye na zuba, idonta yana roƙona. Kuma ku sani maganar babanku ba ta banza ba ce. Dabararsa za ta yi aiki. Za su isa gida lafiya, su yi barcin rana, su tashi da ɗan ciwon kai su ce gajiya ce. A yi biki, a tashi lafiya. Duk wannan na gan shi a gabana sarai. Amma na kuma ga kaina shekara ashirin ina gaisawa da matar nan, muna haɗa jikoki, ina kallon idonta da wannan abu a cikina. Kuma sun yi salla a falona a wannan hali. Jikinsu ne, sallarsu ce, ban ga inda na sami ikon yanke musu hukuncin abin da za su sani da wanda ba za su sani ba.

Na zare hannuna na kira. Waya ta shiga. Balaraba ta ɗauka da fara'arta.

"Maman Amir! Kina kan sifika, ga Hajiya nan tana jin ki, yanzu muke zancenki."

Kun ga, har ƙofar gudu Allah ya buɗe mini, in ce ta kashe sifikar, ko in ɗauko zancen taya. Babanku yana girgiza mini kai. Na rufe ido.

Na ce, "Balaraba, ki nemi gidan mai mafi kusa ki tsaya, ki kashe mota. Kada ki ƙara tuƙi. Lemon da na ba ku akwai giya a ciki. Ban sani ba sai yanzu. Ku yafe mini, ga ni nan zuwa."

Sai na ji muryar Hajiya Saude can ƙasa-ƙasa tana cewa innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Nabila ta haura sama da gudu ta bugo ƙofa.

Babanku ya kai ni gidan man. Na ce ya koma, ni zan tuƙa su. Na karɓi makulli a hannun Balaraba, ko kallona ba ta yi ba. Tafiyar da ta rage ba ta fi ta rabin awa ba, amma ban taɓa yin doguwar tafiya kamarta ba, har da ta jirgi daga Kano. Matan da ɗazu suke shewa kowa ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata tana kuka a baya tana istigfari. Hajiya Saude tana gefena, ta miƙe zaune kamar an dasa ta. Sai da muka kusa ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Wa ya sayo?"

Na ce, "Hajiya, a gidana aka sha, da hannuna na zuba."

"Yarinyar ce?"

Na ce, "Wallahi ba ita ba ce. Ita ce ma ta gano."

Da muka isa ta sauka ta shige, na ji tana tambayar inda buta take za ta sake salla. Na kira tasi na dawo gida.

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku, ko da yake kuna makaranta lokacin. Magana in ta shiga bakin mata shida, ta shiga bakin gari. Kafin Juma'a har daga Kano an kira ni ana jajanta mini, irin jajen da ake yi don a ji ƙarin bayani. Wasu suka ce dama mun saba, ranar ce dai asiri ya tonu. Da azumi ya zo aka raba aikin buɗa-baki na masallaci, ni da nake kawo abin sha shekara bakwai, sai aka ce in kawo shinkafa. Ba wanda ya faɗi dalili. Na dafa shinkafar, na kai, na zauna a sahun gaba, don ban ga abin da zai sa in ɓuya ba. Balaraba ta ci gaba da zuwa gidana, amma da gorar ruwanta a jaka, ta fi shekara tana haka, kuma wannan ya fi maganar gari yi mini ciwo. Hajiya Saude ta koma Kano ba sallama. Kawunnan Faruk suka yi shiru. Nabila kuwa ta yi sati uku ba ta haɗa ido da ni ba. Ran da ta yi magana, cewa ta yi, "Mama, Baba ya ba ki hanya. Kin zaɓi kanki a kaina." Na shiga ɗaki na yi kuka, don ban tabbata ƙarya ta faɗa ba.

Babanku ya so ya tashi a masallaci ya ce shi ne. Sau biyu yana sa hula zai fita ina tare ƙofa. Shi ke koya wa yara karatun Alƙur'ani ranar Asabar, yara wajen talatin, kuma na san iyayen nan, rabi za su janye 'ya'yansu. Na ce masa mace in ta yi kuskure a kicin, a yi da ita a gaji a bari, amma malamin yara da aka gani da kwalba a hannu, wannan ba ya wankuwa. Ban yi wa kowa ƙarya ba, ban taɓa cewa ni na sayo ba. Na dai bar mutane da zatonsu. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Rakiya, kin fi ni." A zamanmu duka sau ɗaya ya faɗi haka, shi ya sa na riƙe.

Wata uku cur. Rannan da hantsi na dawo daga aiki ina cire takalmi, waya ta yi ƙara, lambar Najeriya. Hajiya Saude ce. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar sanyi. Sannan ta yi gyaran murya.

Ta ce, "Hajiya, kin ɗauka fushi nake da ke."

Na ce, "Kina da gaskiya in kin yi."

Ta ce, "Na yi, na sati guda. Na tambayi malamai sun ce ba komai a kaina. Sauran duk kunya ce. Ni Saude, da girmana, in je gidan surukai in yi waƙar gaɗa har da tafi? Da wane ido zan kalle ki?"

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, ita ma ta yi. Sai muryarta ta sauya.

Ta ce, "Na daɗe ina juya abin nan. Na tambayi kaina, da a gidana aka yi, auren 'yata a hannun matar, zan kira? Wallahi Hajiya da ban kira ba. Da na nemi wata dabara. Ni ɗa ɗaya gare ni namiji, kuma yana wata duniya, ba na ganinsa sai a waya. In na tambaye shi lafiya, lafiya lau zai ce ko yana kwance. Kowa a can lafiya lau yake ce mini. Ina son a ce akwai gida ɗaya a ƙasar nan da in wani abu ya sami Faruk, za a ɗauki waya a gaya mini, ko ba daɗi. Na sami gidan. Kawunnansa za su kira Malam ranar Asabar."

Na riƙe wayar ina ta godiya kamar wadda aka ba kyautar kujerar Makka. Da Nabila ta dawo na gaya mata. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kanta a cinyata, abin da rabonta da yi tun tana firamare.

Washegarin ɗaurin aure na yi karin kumallon ragwaye na mutum arba'in a gidan nan. Na yi niyyar zoɓo kawai zan yi, don kada a ce ban ji kunya ba. Hajiya Saude ta aiko tun ana jibi cewa lemon nan take so, irin na gaskiyar, tunda ba ta taɓa shan sa ba. Na matse lemo buhu biyu. Da aka kawo kwalabe ta ce a miƙo mata ɗaya. Ta gyara tabarau ta bi rubutun da yatsa daga sama har ƙasa, alhali ba ta karanta Turanci, sannan ta miƙa wa babanku ta ce Malam ya karanta wa jama'a da ƙarfi, shi ne mai ilimi. Har yau ban sani ba ko ta gane ne, ko dacewa ce. Babanku ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya karanta tun daga suna har adireshin kamfani. Ta ce, "To, halal." Ta ɗaga kofi ta sha, Balaraba ma ta ajiye gorarta ta karɓa. Daga ranar ne kuka gaji al'adar da kuke yi kuna dariya.

Shekara shida bayan haka Faruk ya yi hatsari a hanyar Baltimore, ya kwana biyu bai san inda yake ba. 'Yan uwansa na nan suka ce kada a gaya wa tsohuwa, a bari ya farfaɗo tukuna, hawan jini gare ta. Nabila tana tsaye a barandar asibiti da cikin Hanifa wata bakwai. Ban ce mata komai ba, ko kallonta ban yi ba. Ta ciro waya ta kira Kano da kanta, da Hausar nan tata mai karyayyen wuya, ta faɗa wa uwar mijinta komai. Ina jin Hajiya Saude ta cikin wayar tana cewa, "Na gode, 'yata. Yanzu na san abin da zan roƙa."

Babanku a ciwonsa na ƙarshe ya ce in na zo rubuta wannan shekara in rubuta shi ne ya sayo, kuma in rubuta shi ne ya kawo shawarar taya. Na cika masa. Lahadi mai zuwa in kun zo, Amir ne zai matse lemon, tunda shi ke da ƙarfin kwaikwayon mutane, kuma kada wanda ya juya mini kofi da cokali.